Aikatau 'Get' na Ingilishi da Matsalar Koyar da Shi a Makarantun Kudancin Birnin Kaduna

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne mu ɗauki aikatau guda ɗaya tak na harshen Ingilishi, watau 'get', mu duba yadda masu harshen suke sarrafa shi a maganarsu ta yau da kullum, sa'an nan mu ga inda ɗalibanmu suke tuntuɓe da shi da kuma dalilin tuntuɓen. Mai yiwuwa wani ya ce ina amfanin tara malamai a kan kalma mai harufa uku? Amsar ita ce, da wuya Bature ya yi hirar minti biyar bai ambaci wannan kalma ba, kuma da wuya ɗalibinmu ya rubuta insha'i mai shafi guda bai yi kuskure da ita ba. Ga shi kuwa Ingilishi ne mabuɗin ƙofar jami'o'i a Nijeriya, domin yaron da bai ci shi da kyakkyawan sakamako a jarrabawar ƙare sakandare ba, ko da ya ƙware a lissafi da kimiyya, sai ya koma gida ya jira wata shekara.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne cewa tushen matsalar daga aji yake. Mun saba gaya wa yaro cewa ma'anar 'get' ita ce 'samu', shi ke nan mu wuce gaba. Alhali kuwa wannan aikatau ba shi da ma'ana guda tsayayya. Kalmar da ta biyo bayansa ita ke yanke masa ma'ana. Za mu kuma nuna cewa yaron da yake jin Hausa ya riga ya mallaki dabarar gane irin wannan aikatau tun daga gida, sai dai ba a nuna masa ya yi amfani da ita ba. Misalan kurakuran da za mu kawo irin waɗanda muke ji ne, muke kuma gani a littattafan yara, in mun fita duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun da suke kudu da kogin Kaduna.

2.0 Yanayin Harshe a Kudancin Birnin Kaduna

Kafin mu shiga nahawu ya kamata mu san yaron da muke magana a kansa. Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a shekarar 1917, bayan an taso daga Zungeru, kuma babbar mahaɗar jiragen ƙasa tana gaɓar kudu ta kogin. A can ne aka kafa masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo bayanta. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara fitar da mota a 1975. Aka kuma buɗe matatar mai a 1980. Waɗannan wuraren aiki suka jawo mutane daga ko'ina, suka cika unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, daga baya gari ya miƙe har Narayi da Sabon Tasha da Gonin Gora. Ban da Gbagyi da aka tarar a wurin, akwai Hausawa da Fulani, da Atyap da Bajju da Ham da Adara daga kudancin jihar, da Tibi da Idoma da Ibo da Yarabawa.

Masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran ma yawancinsu suka durƙushe, amma mutanen da suka tara suna nan, 'ya'yansu da jikokinsu su ne suke cikin azuzuwanmu. Yaron wannan yanki yakan tashi da harsuna uku ko huɗu. Akwai harshen iyayensa a gida. Akwai Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa da tashar mota, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita kuma ake sujada a majami'u da dama. Akwai Turancin Buroka a bakin titi da filin ƙwallo. Sa'an nan ga Ingilishin littafi a makaranta. Abin lura a nan shi ne, kalmar 'get' tana cikin Buroka, tana kuma cikin Ingilishin littafi, amma aikinta ba ɗaya ba ne. Ke nan yaronmu yana shiga aji da igiyoyi biyu suna jan sa: 'samu' na Hausa ta wannan gefe, 'get' na Buroka ta wancan.

3.0 Matsayin 'Get' a Cikin Ingilishi

Masana tarihin Ingilishi sun nuna cewa an aro wannan aikatau ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai da suka mamaye sassan Ingila, inda ake cewa 'geta', kuma ma'anarsa ta fari ita ce mallakar abu ko kaiwa gare shi. Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar ta yi rassa. Lokacin da C. K. Ogden ya tsara sauƙaƙan Ingilishi mai kalmomi 850 a shekarar 1930, aikatau goma sha takwas kaɗai ya bari a ciki, kuma 'get' yana ɗaya daga cikinsu, domin ya lura cewa in aka haɗa shi da wasu 'yan ƙananan kalmomi zai ɗauki nauyin aikatau masu ɗimbin yawa. Haka kuma A. S. Hornby, wanda ya tsara ƙamus domin baƙin harshen Ingilishi, ya gina aikinsa ne a kan cewa sanin ma'anar aikatau bai wadatar ba sai an san irin ginin jimlar da yake shiga.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mu dubi aikatau 'ci':

(1) Ya ci tuwo. Ya ci jarrabawa. Ya ci sarauta. Ya ci bashi. Ya ci amana. Kasuwa ta ci. Wuta ta ci gidan.

Haka nan 'sha':

(2) Ya sha ruwa. Ya sha iska. Ya sha wahala. Ya sha kashi. Ya sha alwashi. Ya sha zuwa nan.

Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga irin filin da 'ci' ya cinye. To, babu yaron Makera da zai ji an ce wane ya ci amana ya zaci an zuba amana a akushi. Ba tare da wani ya koya masa ba, yakan jira ya ji kalmar da ta biyo baya kafin ya yanke ma'ana. Baturen da aka gaya wa cewa 'ci' shi ne 'eat' kawai, ranar da ya ji an ce kasuwa ta ci sai ya rasa inda zai sa kansa. Daidai wannan halin muke jefa yaranmu in muka ce musu 'get' shi ne 'samu'.

4.0 Inda 'Samu' da 'Get' Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Ba mu ce fassarar ƙarya ce ba. Akwai fagen da kalmomin biyu suka yi daidai, watau inda suna ya biyo baya, ana kuma nufin abu ya shigo hannun mutum:

(3) I got a letter. Na sami wasiƙa.
(4) She got a job. Ta sami aiki.
(5) We got permission. Mun sami izini.

Amma da zarar an fita daga wannan fage sai hanya ta rabu. 'Samu' yana da nasa rassan waɗanda 'get' bai bi su ba, kuma daga nan ne jimloli irin waɗannan suke fitowa. Mun sa alamar tauraro a gaban jimlar da ba ta karɓu ba, ko wadda ta ba da wata ma'ana dabam da abin da yaron yake nufi:

(6) Na same shi a gida. *I got him at home. Daidai: I found him at home.
(7) Me ya same ka? *What got you? Daidai: What happened to you?
(8) Ya sami sauƙi. *He got easy. Daidai: He got better.
(9) An sami ruwa jiya. *We got water yesterday. Daidai: It rained yesterday.

Jimla ta (9) ba ta saɓa wa nahawu ba, sai dai mai jin Ingilishi zai ɗauka famfo ne ya kawo ruwa, alhali yaron ruwan sama yake nufi. Irin wannan kuskure ya fi haɗari, domin malami mai sauri zai wuce shi bai gani ba. Ta ɗaya gefen kuma, mafi yawan jimlolin 'get' da yaro zai ji ba za su fassaru da 'samu' ba sam. Su za mu duba yanzu.

5.0 Gine-ginen Jimla Biyar

A ganinmu za a iya tattara ayyukan 'get' na yau da kullum a ƙarƙashin gine-gine biyar, gwargwadon abin da ya biyo bayansa.

5.1 'Get' da Suna

Ban da ma'anar 'samu' da muka gani, wannan gini yana da wani reshe mai muhimmanci:

(10) Get me some water. Ɗebo mini ruwa.
(11) Get your book. Ɗauko littafinka.
(12) I got bread at the junction. Na sayo burodi a mahaɗa.
(13) Go and get the doctor. Je ka kirawo likita.

Mai sauraro zai lura cewa duk aikatau na Hausa a nan sun ƙare da wasalin 'o'. Wannan shi ne giredi na shida a tsarin da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, watau aikin da aka yi a can aka nufo nan da shi. Abin da Hausa take yi da wasali guda, Ingilishi yana yin sa da 'get'. In malami ya rubuta 'ɗebo, ɗauko, sayo, kirawo' a allo, ya tambayi yara abin da ya haɗa su, da kansu za su ce zuwa ne a kawo. Daga nan darasi ya zauna.

A ƙarƙashin wannan gini kuma akwai kamuwa da ciwo, kamar 'He got malaria', watau zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, da kuma fahimta, kamar 'I don't get it', watau ban gane ba.

5.2 'Get' da Sifa

Nan ne babban ramin da yara suke faɗawa. In sifa ta biyo baya, 'get' yana nuna shiga wani hali daga wani:

(14) He got tired. Ya gaji.
(15) She got angry. Ta yi fushi.
(16) The clothes got wet. Tufafin sun jiƙe.
(17) It is getting dark. Duhu yana yi.
(18) My father is getting old. Mahaifina yana tsufa.

Dalilin wahalar shi ne, abin da Ingilishi yake faɗa da sifa, Hausa takan faɗe shi da aikatau guda, kamar gaji, jiƙe, tsufa, warke, ko kuma da 'yi' da suna, kamar yi fushi, yi sanyi, yi arziki. Saboda haka yaro ba ya ganin gurbin 'get' a cikin jimlarsa ta Hausa, sai ya yar da shi ya rubuta *'He tired' ko *'She angry'.

Wajibi ne kuma a rarrabe wa yaro tsakanin shiga hali da zama cikin hali, watau tsakanin 'get' da 'be'. Sa'ar da muka yi ita ce Hausa tana da wannan bambanci a fili:

(19) Rigar ta jiƙe. The shirt got wet. / Rigar tana jiƙe. The shirt is wet.
(20) Ta yi aure. She got married. / Tana da aure. She is married.

Yaron da ya san bambancin 'ya zauna' da 'yana zaune' ba shi da dalilin kasa gane bambancin 'got wet' da 'is wet', muddin an ajiye masa su kafaɗa da kafaɗa.

5.3 'Get' da Wuri ko Alkibla

In sunan wuri ya biyo baya tare da 'to', ma'anar ita ce isa:

(21) We got to Kakuri at noon. Mun isa Kakuri da tsakar rana.
(22) How do I get to Barnawa? Ta ina zan bi in isa Barnawa?

Sai a kula cewa 'home' da 'here' da 'there' ba sa ɗaukar 'to'. Ana cewa 'I got home', ba a cewa *'I got to home'.

In kuwa 'yan ƙananan kalmomin nan masu nuna alkibla ne suka biyo baya, sai kowace ta haifar da aikatau dabam a Hausa: 'get up' tashi, 'get in' shiga, 'get out' fita, 'get on' hau, 'get off' sauka, 'get back' dawo ko koma, 'get away' tsere. Abin hawa yana da nasa ƙa'ida. Babur da keke da bas da jirgin ƙasa, 'get on' da 'get off' ake yi musu; ƙaramar mota da tasi kuwa, 'get in' da 'get out of'. Bahaushe yana rarrabe hawa da shiga, amma wajen barin abin hawa kalma ɗaya gare shi, watau sauka. Ga kuma al'adar tasoshinmu ta cewa 'I will drop at Sabon Tasha', wadda kowane kwandasta zai gane, amma a Ingilishin littafi direba ne yake sauke mutum, fasinja kuwa 'get off' yake yi.

Daga waɗannan ne aka sami ma'anoni na aro, kamar 'get over an illness', murmurewa daga ciwo, da 'get on with somebody', jituwa da mutum, da 'get by', lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ake da shi. Ra'ayinmu shi ne a jinkirta waɗannan sai yaro ya riƙe ma'anonin zahiri sosai.

5.4 'Get' da Ƙirar Aikatau ta Uku

Muna nufin ƙira irin ta 'paid' da 'broken' da 'caught'. Wannan gini yana nuna abu ya faɗa wa mutum, galibi ba da shirinsa ba:

(23) The thief got caught. An kama ɓarawon.
(24) The workers got sacked. An sallami ma'aikatan.
(25) We get paid on Friday. Ran Juma'a akan biya mu.
(26) The cup got broken. Kofin ya fashe.

Hausa takan bi ta hanyar 'an' ko 'akan' in ba a son ambaton mai aikin, ko kuma ta yi amfani da aikatau wanda ba ya bukatar karɓau, kamar fashe, karye, ɓata. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sa ƙira ta farko a gurbin ta uku, kamar *'He got catch'.

5.5 'Get' da Karɓau da Wani Aikatau

Wannan shi ne ginin sa wani ya yi abu:

(27) I got the mechanic to check the car. Na sa makanike ya duba motar.
(28) I got the car repaired. Na sa an gyara motar.

A jimla ta (27) an ambaci wanda aka sa, don haka 'to' ya zama dole. A ta (28) ba a ambace shi ba, sai aka yi amfani da ƙira ta uku, kamar dai yadda Hausa ta koma ga 'an'. Kalmar 'sa' ta Hausa tana ɗauke da 'make' da 'get' duka biyu, amma Ingilishi ya raba su: 'I made him go' tilas ne, kuma babu 'to', 'I got him to go' lallashi ne, watau na shawo kansa ya tafi. Yaron da bai san wannan ba sai ya gauraya su ya ce *'I got him go' ko *'I made him to go'.

6.0 'Get' na Buroka da Batun Lokaci

A Buroka 'get' yana nufin mallaka a halin yanzu, yana kuma nufin 'akwai':

(29) I get two brothers. Ina da 'yan'uwa maza biyu.
(30) E get one man for our street. Akwai wani mutum a layinmu.

Waɗannan jimloli daidai suke a Buroka, domin harshe ne mai nasa ƙa'idoji, ba lalataccen Ingilishi ba kamar yadda wasu suke ɗauka. Matsala tana tasowa ne in yaro ya kwaso su ya zuba a insha'i. A Ingilishin littafi abin da ya kamata ya ce shi ne 'I have two brothers' ko 'I have got two brothers', da kuma 'There is a man in our street'. Dubi yadda lokaci yake sauya ma'ana:

(31) I get headaches. Nakan yi ciwon kai.
(32) I have got a headache. Ina ciwon kai yanzu.
(33) I got a headache. Ciwon kai ya kama ni.

Jimla ta (31) lokaci sabau ne, ta (33) shuɗaɗɗe. Ta (32) ce take rikita yara, domin ƙirarta ta abin da ya wuce ce amma ma'anarta ta yanzu. Nan ma Hausa tana da tsani. In mutum ya ce 'na sani' ko 'na ƙoshi' ko 'na gaji', ƙirar ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma halin da yake ciki yanzu yake bayyanawa. Haka 'have got' ya samo asali: na samu, don haka ina da shi. In 'to' ya biyo baya kuma sai ya koma tilas, kamar 'I have got to go', dole in tafi.

Ya kamata mu ƙara da cewa yaran yanzu suna cin karo da 'gotten' a finafinai da wayoyin hannu. Wannan tsohuwar ƙira ce da mutanen Amurka suka riƙe, mutanen Ingila suka bari, ko da yake sawunta yana nan a cikin 'forgotten'. Bai kamata malami ya ce wa yaro babu wannan kalma ba. Ya gaya masa ta inda ta fito, ya kuma umarce shi ya tsaya a kan tsari ɗaya a rubutunsa.

7.0 Shawarwari ga Malamai

Na farko, a daina rubuta 'get' shi kaɗai a allo da fassara guda a gabansa. A koyar da shi a cikin cikakkiyar jimla, yara kuma su ware shafi biyar a littafinsu, shafi guda ga kowane gini, duk jimlar da suka tsinta a karatu ko a rediyo su kai ta gidanta.

Na biyu, a buɗe darasin da 'ci' da 'sha'. Minti biyar sun isa yara su cika allo da misalai, su kuma faɗi da bakinsu cewa kalmar da ta biyo baya ita ke ba da ma'ana. Mun san akwai makarantun da har yanzu ake cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji, mun kuma san hujjarsu, cewa yaro ba zai saba da Ingilishi ba sai an tsare shi a kansa. Amma ko an hana bakinsa ba a hana zuciyarsa ba. Misalai na (6) zuwa (9) shaida ne cewa yana fassara a ɓoye. Gara a fito da fassarar fili inda malami zai gan ta ya gyara. Ko Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da cewa harshen da yaro ya sani shi ne matakin farko na karatunsa. Sai dai a yi shi da awo: Hausa ta buɗe ƙofa, sauran darasin a yi shi da Ingilishi.

Na uku, a bi gine-ginen daki-daki. Muna ganin a fara da suna da wuri a manyan azuzuwan firamare, domin ana iya nuna su da jiki: yaro ya tashi, ya fita, ya ɗauko alli. Sifa da 'have got' su zo a farkon ƙaramar sakandare, sa'an nan gini na huɗu da na biyar da ma'anonin aro su biyo baya.

Na huɗu, a ɗauko misalai daga unguwa. Malami ya zana hanyar da ta tashi daga gadar kogin Kaduna ta bi ta Kakuri ta nufi Sabon Tasha, yara biyu su fito, ɗaya baƙo ɗaya ɗan gari, baƙo ya tambayi hanya, ɗan gari ya gaya masa inda zai hau, inda zai sauka, da lokacin da zai isa. Ko aji ya kai yara ɗari ana iya raba su biyu-biyu su yi wannan, kuma ba ya bukatar kayan aiki sai allo.

Na biyar, a yi wa Buroka adalci. A raba allo gida biyu, a rubuta jimlar Buroka a dama, takwararta ta littafi a hagu, a gaya wa yara kowace da inda ake sa ta. Wannan ya fi amfani ga yaron da Hausarsa ba ta nuna ba, kuma akwai irinsu da yawa a Narayi da Sabon Tasha.

Na shida, a koya wa manyan ɗalibai muhallin magana. 'Get' kalmar hira ce. A takardar neman aiki ko rahoton ofis an fi son 'receive' da 'obtain' da 'become' da 'arrive', waɗanda yawancinsu suka shigo Ingilishi daga Faransanci da Latin. Wasu tsofaffin malamai sukan haramta 'get' ɗungurungum, su ce kalmar ragwaye ce. Wannan ma wuce gona da iri ne, domin ɗalibin da zai ce wa abokinsa 'Obtain some water for me' ya zama abin dariya. Bahaushe ya san inda ake cewa 'ya mutu' da inda ake cewa 'ya rasu' ko 'ya riga mu gidan gaskiya'. Irin wannan sanin ya kamata muke son yaro ya yi a Ingilishi.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa fassara 'get' da 'samu' ta tsaya ne a kan reshe ɗaya daga cikin rassa masu yawa, kuma abin da ya biyo bayan aikatau ɗin, ko suna, ko sifa, ko wuri, ko ƙira ta uku, ko karɓau da wani aikatau, shi ne yake yanke ma'ana. Mun kuma ga cewa kusan kowane gini yana da abin da za a jingina shi da shi a nahawun Hausa, tun daga giredi na shida har zuwa bambancin 'ya jiƙe' da 'yana jiƙe'. Nauyin yana kanmu mu malaman kwalejojin ilmi, domin ɗalibin da muka yaye bai taɓa kwatanta harsunan nan biyu ba, abin da aka yi masa shi zai je ya yi wa yara. Don haka muna kira ga sassan Hausa da na Ingilishi a kwalejojinmu su zauna tare su tsara darussan kwatanci, su fara da wannan aikatau, sa'an nan su bi da 'take' da 'make' da 'put', waɗanda su ma halinsu ɗaya ne da shi. Muna fatan mahalarta za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma ƙara mana misalai daga nasu azuzuwan.